GALVESTON: GARIN DA YA YI WA TEKU GANUWA, RUWA YA SHIGO TA BAYAN GIDA

Wannan makon za mu tsallaka teku zuwa jihar Teksas ta Amurka, gundumar Galveston. Gunduma a can kusan kamar ƙaramar hukuma ce a wajenmu, tana da kotunta da kurkukunta da baitulmalinta. Hedikwatar wannan gunduma tana kan wani siririn tsibiri na rairayi, gabansa Tekun Meziko, bayansa kuma wani faffaɗan mashigin ruwa da ya raba shi da tudu. Ku riƙe wannan fasalin na gaba da baya, domin labarin duka a kansa ya rataya.

A ƙarshen ƙarni na 19 Galveston ce ƙofar Teksas. Ta tasharta ake fitar da auduga zuwa Turai, ta nan baƙi ke shigowa. A nan ne ma aka shelanta wa bayin Teksas 'yancinsu ranar 19 ga Yuni, 1865. An buɗe asibitin John Sealy a 1890, aka buɗe makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Teksas a 1891. A shekarar 1900 mutanen garin sun kusa 38,000, kuma wuri mafi tudu a duk garin bai cika ƙafa 9 sama da fuskar teku ba.

Wata masifa da ta gwada su wuta ce. A watan Nuwamba 1885 gobara ta tashi, iska ta kora ta cikin gidajen katako, ta cinye gine-gine sama da 500. Bayan nan aka matsa wa mutane su bar rufin katako su koma rufin fale-falen dutse, wanda wuta ba ta kamawa. Shawara ce mai ma'ana. Shekara 15 bayan haka iska ta ɗaiɗaye waɗannan duwatsun daga kan gidaje, suka riƙa yawo a sama kamar wuƙaƙe suna yanka masu gudun ruwa.

Ba za a ce ba a gargaɗe su ba. Akwai wani gari mai tashar jiragen ruwa a gaɓar Teksas, Indianola, da guguwa ta daka a 1875, ta sake dakawa a 1886 har da gobara, mutanensa suka watse, aka ɗauke hedikwatar gundumar zuwa Port Lavaca. Wasu mutanen Galveston sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta, suka nemi a gina katanga a bakin teku. Ba a gina ba. A 1891 shugaban ofishin hasashen yanayi na garin, Isaac Cline, ya rubuta a jarida cewa guguwa ba za ta iya yi wa Galveston mummunar ɓarna ba. Masu ƙyashin kashe kuɗi sun sami abin da za su kafa hujja da shi.

Ranar Asabar 8 ga Satumba, 1900, mahaukaciyar guguwa ta iso. Masana yanayi na ƙasar Kyuba, waɗanda suka fi kowa sanin halin waɗannan guguwoyi, sun yi hasashen za ta ci gaba cikin Tekun Meziko. Hukumar yanayi ta Amurka ta raina su, har ta sa an toshe musu hanyar aika gargaɗi ta waya, ita kuma tana zaton guguwar za ta karkata wajen Filorida. Na'urar auna iska ta Galveston ta nuna mil 100 a awa, sannan iskar ta yi gaba da ita. Teku ya tunkuɗo ruwa sama da ƙafa 15 a kan garin da tudunsa bai kai ƙafa 9 ba. Gidajen layin farko suka karye, katakansu suka zama gungumen da ruwa ke dukan na layi na biyu da su, haka har gidaje wajen 3,600 suka tafi. Waɗanda suka mutu ana ƙiyasta su tsakanin 6,000 da 12,000, an fi ambaton 8,000. Matar Cline tana cikinsu. Har yau babu wani bala'in yanayi da ya ci rayuka haka a tarihin Amurka.

A gidan marayu na St. Mary da ke bakin teku, sistoci 10 sun ɗaure yaran a jikinsu da igiyar shanya don kada ruwa ya raba su. Su 10 ɗin duk sun mutu, tare da yara 90. Yara maza 3 ne suka tsira, maƙale da bishiya.

Abin da muke so mu tsaya a kansa shi ne wayewar garin Lahadi. Gadojin jirgin ƙasa da ta keken doki da suka haɗa tsibirin da tudu duk sun tafi. Wayoyin sadarwa sun tsinke, sai da aka tura mutane a ƙaramin jirgin ruwa su kai labari Houston. Gidan ruwa ya rushe, wutar lantarki ta ɗauke, asibitoci sun rasa rufi, ga dubban masu rauni. Gawawwaki suka fi ƙarfin binnewa. Aka tilasta wa mazaje, akasarinsu baƙaƙen fata, da bakin bindiga su loda su a jiragen dako a zubar a teku, teku ya dawo da su bakin gaɓa. Daga ƙarshe sai ƙonawa aka yi, makonni ana ganin hayaƙi. Clara Barton ta ƙungiyar Red Cross, tana da shekara 78, ta zo da kanta da kayan agaji.

Abin da suka yi bayan nan ya cancanci a sara musu. Aka ɗauko injiniyoyi uku, Henry Robert da Alfred Noble da H. C. Ripley, suka ba da shawara biyu: a gina ganuwa, kuma a ɗaga garin. Gunduma ta ci bashi ta fara ganuwar kankare a 1902, mai tsayin ƙafa 17, kashin farko mai tsawon mil 3 da 'yan kai ya kammala a 1904. Yau ta wuce mil 10. Ɗaga garin kuwa ya fi ban mamaki. Aka riƙa cusa jak a ƙarƙashin gidaje ana ɗaga su a kan turaku, sannan a zuƙo yashi da ruwa daga ƙarƙashin teku a turo ta bututu a cike ƙasan. Gine-gine sama da 2,000 aka ɗaga haka, har da cocin St. Patrick mai nauyin tan 3,000, wanda aka ɗaga ƙafa 5 da jak 700. Bututun ruwa da layin tarago duk sai da aka ɗaga su. Shekaru mutane suna tafiya a kan gadojin katako daga gida zuwa gida cikin taɓo da wari, har wajen 1911.

Sai dai cikon ba ɗaya yake ba ko'ina. Ya fi tudu a jikin ganuwa, yana gangarawa a hankali zuwa mashigin baya, don ruwan sama ya riƙa zurarewa. Unguwar kasuwanci ta Strand da ke kusa da tasha, mai manyan gine-ginen bulo, kusan an bar ta yadda take. Gaba ya sami ganuwa, baya ya zauna a buɗe.

A watan Agusta 1915 wata guguwa mai ƙarfi ta zo ta gwada aikin. Ganuwa ta tsaya, waɗanda suka mutu a bayanta 'yan kaɗan ne. Amma sabuwar gadar da aka buɗe a 1912 ta yanke, babban bututun da ke kawo ruwan sha daga rijiyoyin Alta Loma a tudu ya fashe, gari ya yi kwanaki ba ruwan famfo, gobara ta tashi ba abin kashe ta. Duk tsayin ganuwar nan, ran garin yana rataye da bututu guda. A wannan tsakanin kuma Houston ta haƙa hanyar manyan jirage zuwa cikin tudu, aka buɗe a 1914, ciniki ya koma can bai dawo ba.

Wuta ta sake waiwayar gundumar ta wata fuska. Ranar 16 ga Afrilu, 1947, jirgin Grandcamp mai ɗauke da takin zamani ya kama da wuta a tashar Texas City, ya fashe. Mutum kusan 600 suka mutu, cikinsu har da 27 daga 'yan kwana-kwanan garin da suka je kashe wutar, da motocinsu. Matatun mai da masana'antu suka yi kwanaki suna ci, waɗanda za su kashe su kuwa sun riga sun tafi a minti na farko. Waɗannan matatun suna nan har yanzu a bakin mashigin, bayan wani shingen ƙasa da aka gina bayan guguwar Carla ta 1961.

Mu tsallako zuwa 13 ga Satumba, 2008, guguwar Ike. A ma'aunin iska mataki na 2 ce cikin 5, abin da ya sa wasu suka raina ta. Ga kuma tsoron hanya: shekara 3 kafin nan, lokacin guguwar Rita, mutane wajen 100 sun mutu a gudun hijira cikin zafi da cunkoson motoci. Dubban mutane suka ƙi fita. Ike kuwa faɗi gare ta, ta tura ruwa mai yawa cikin mashigin baya, ruwan ya hau tsibirin ta inda ba ganuwa. Strand ta nutse fiye da tsayin mutum. Gidaje da ma'ajiyar jiragen ruwa suka kama da wuta a tsakiyar ambaliya, 'yan kwana-kwana ba hanyar isa. A zirin Bolivar, inda ba katanga ko kaɗan, ƙauyen Gilchrist kusan share shi aka yi. Fursunoni wajen 1,000 na kurkukun gunduma ba a kwashe su ba, a ciki guguwar ta wuce su, aka yi ta ƙorafin ƙarancin ruwa da rashin tsafta a kwanakin da suka biyo baya.

Babban rauni shi ne asibitin jami'a, wanda ake kira UTMB. An yi dabara an kwashe majinyata ɗaruruwa kafin guguwar ta sauka, kuma ɗakunan kwanciya na sama ruwa bai taɓa su ba. To amma ma'ajiyar jini da ɗakin magani da kicin da wurin tsabtace kayan tiyata da injinan da ke riƙe da ginin, yawancinsu a hawan ƙasa suke. Gado ɗari a hawa na biyar ba ya amfana komai idan ba magani, ba abinci, ba wuƙar tiyata mai tsafta. Asarar ta kai wajen dala biliyan 1. Tsohon ginin makarantar na 1891, wanda ya rasa rufinsa a 1900, wannan karon ta ƙasa aka ci shi. A watan Nuwamba hukumar jami'ar ta amince a sallami ma'aikata 3,800, alhali asibitin ne ya fi kowa ɗaukar aiki a tsibirin, kuma shi ne madogarar talakawa marasa inshora da fursunonin jihar. Sashen gaggawa bai sake buɗewa ba sai Agusta 2009. Kusan shekara guda wanda mota ta kaɗe ko wuta ta ƙone a wannan yanki na matatun mai sai an nufi Houston da shi, tafiyar mil 50.

A harabar asibitin nan akwai sabon ɗakin binciken ƙwayoyin cuta masu haɗari, wanda aka zana tun farko da tunanin ambaliya, aka kai muhimman kayansa sama. Ike ba ta yi masa wata ɓarna ba, har aka yi bikin buɗe shi wata 2 bayan guguwar. Ke nan ilimin yana nan tun kafin ruwa ya zo, tsofaffin gine-ginen ne ba a kashe musu kuɗin ba. A ganinmu wannan ya fi laifin Cline nauyi, domin shi aƙalla bai taɓa ganin 1900 ba lokacin da ya yi rubutunsa. Sabon asibitin Jennie Sealy da aka buɗe a 2016 an ɗora muhimman sassansa sama da inda ruwan Ike ya kai. Gidajen gwamnati na talakawa 569 da aka rushe bayan guguwar kuwa, shekaru aka yi ana rigima kan ko a sake gina su.

A Agusta 2017 guguwar Harvey ta zo da wani salo. Teku bai yi wani tasiri ba, sama ce ta buɗe kwana da kwanaki. Garin Dickinson, wanda ke tudu cikin gundumar, nesa da ganuwa, ya cika da ruwa. Duniya ta ga hoton tsofaffi a wani gidan kula da su, zaune a kujerun guragu ruwa har ƙugu, suna jiran ceto.

Tun bayan Ike wani malamin jami'ar Texas A&M a Galveston, Bill Merrell, ya kawo shawarar a yi koyi da Holan, a kafa manyan ƙofofi a bakin mashigin tsakanin tsibirin da zirin Bolivar, a riƙa rufe su idan guguwa ta taso. A Disamba 2022 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin, wanda a lokacin aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 34, har da shingen da zai zagaye garin Galveston ta baya. Amincewar ba ta zo da kuɗin ginin ba, sai an riƙa ware su kashi-kashi, kuma injiniyoyin sojan Amurka da aka ɗora wa aikin sun ce ko kuɗin sun samu zai ɗauki kimanin shekara 20. Lokacin guguwa kuwa yana buɗewa ranar 1 ga Yuni kowace shekara, ya rufe 30 ga Nuwamba.