Ƙera Ƙananan Motoci da Jiragen Yaƙi: Tarihinsa Daga Karan Dawa Zuwa Roba

Ƙera ƙananan kayan yaƙi aikin hannu ne na kwaikwayon tanka, motar sulke ko jirgin soja a ƙanƙance, bisa ma'auni guda, ta yadda kowace gaɓa za ta dace da ta ainihin abin. Ma'aunin 1:72 yana nufin an rage komai sau 72, don haka jirgin MiG-17 mai tsawon kimanin mita 11 zai dawo santimita 15. A ma'aunin 1:35, wanda masu tankoki suka fi so, soja a tsaye bai wuce santimita 5 ba. A yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina aikin yana da tushe biyu. Ɗaya ya zo cikin kwali daga ƙetare, kuma an rubuta tarihinsa har ya yi yawa. Ɗayan daga gona ya fito, a baki da hannu yake tafiya.

Na gona

Kudancin Katsina ƙasar dawa ce da masara da auduga, kuma da zarar an yi girbi kara ya zama na yara. Dokin kara da motar kara ba sa buƙatar bayani ga Bahaushe. Abin lura shi ne dabarar: ana ɓare bayan karan a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, sai a riƙa soka tsagin cikin totuwa har gangar jiki ta tashi, ƙaya ta tsaya a matsayin ƙusa. Da aka kai layin dogo Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, garin ya zama cibiyar gurzar auduga, siraran ƙarafan da ake ɗaure dila da su suka yawaita, motar langa-langa ta samu kayan aiki. Daga baya gwangwanin madara, waya da tsohon silifas na yanka taya suka shigo.

Yaro abin da ya gani yake ƙerawa. Wanda ya tashi yana ganin motar ɗaukar auduga ita zai yi, wanda ya tashi yana ganin motar soja mai bindiga a bisa ita zai yi. Ba ya riƙe da ma'auni a rubuce, amma idonsa yana gaya masa idan taya ta yi wa jiki girma, kuma abokan wasa ba sa raga wa motar da ba ta yi kama ba. Wannan idon shi ne jarin duk wani maƙerin ƙananan kaya a ko'ina, kuma bai kamata a raina shi don kayan aikinsa kara ne ba.

Akwai dalilin da ya sa a nan mota da jirgi suka fi ƙananan sojoji karɓuwa. Malamai da yawa suna ƙin sassaƙa siffar mai rai, ko da yake sun sassauta a kan abin wasan yara. Babba da ya ajiye jirgi a kan kanta ba wanda zai tanka masa. Jerin mutum-mutumi kuwa zai jawo tambaya.

Na kwali

Ma'aunin 1:72 ya kafu ne a Ingila a 1932, da jiragen katako na Skybirds waɗanda James Hay Stevens ya zana. A 1936 kamfanin Frog ya fitar da jerin Penguin, waɗanda ake ɗauka su ne farkon jiragen roba na haɗawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da wasan aikin gwamnati: a 1942 sojan ruwan Amurka ya nemi 'yan makaranta su sassaƙa jirage 500,000 a wannan ma'auni, a shafe su da baƙin fenti, don masu harbo jirgi su koyi bambance na gida da na abokan gaba daga inuwarsu kawai.

Kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, ya fara harkar ƙananan kaya da tarakta samfurin Ferguson a 1949. An daɗe ana rubuta cewa jirgin ruwansa Golden Hind ya fito a 1952, Spitfire kuma a 1953, amma masu binciken baya sun fi karkata ga 1954 da 1955. A Japan, kamfanin Tamiya ya fara a Shizuoka a 1946 da harkar katako, ya fitar da tankar Panther a farkon shekarun 1960. An zaɓi girmanta ne don batir biyu su shiga cikinta, da aka auna sai ta faɗa a 1:35, duniya kuma ta bi.

A Arewa, manyan kantunan Kano da Kaduna irin su Kingsway da Leventis su ne ƙofar kayan wasan Turai, kuma masu saye ba su wuce Turawa da manyan ma'aikata ba. Faɗuwar darajar naira bayan 1986 ta rufe wannan ƙofar.

Jiragen yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970

A nan ne tarihin ya fi nauyi, domin a nan matsalar maƙerin Nijeriya take bayyana sarai: kamfanonin duniya sun ƙera ƙaramin samfurin kusan duk jirgin da Nijeriya ta yi yaƙi da shi, amma da wuya su sa tambarinta a cikin kwalin.

An kafa rundunar sojin sama a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, Kaduna ce cibiyar horonta, kuma da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967 ba ta da jirgin faɗa na gaske. A watan Agusta manyan jiragen Tarayyar Sobiyet suka fara sauke MiG-17 da MiG-15 na koyo a filin jirgin Kano, a wargaje, aka harhaɗa su a can. L-29 Delfin ya zo daga Cekoslobakiya, daga baya jiragen jefa bam Il-28 suka biyo daga Masar da Aljeriya. Matuƙan Masar ne suka fara tuƙa yawancinsu. A ɓangaren Biyafara akwai B-26 Invader na Jan Zumbach, ɗan Poland, jirgin da aka zana wa bakin kifi mai haƙora a hanci, ya kuma kai hari filin jirgin Makurɗi. A 1969 Carl Gustaf von Rosen na Suwidin ya kawo ƙananan jiragen koyo MFI-9B guda biyar, aka haɗa su a Gabon, aka shafa musu koren fentin mota, aka ɗaura musu rokoki, suka kai harin farko Fatakwal ranar 22 ga Mayu.

Samun gangar jikin waɗannan ba shi da wuya. Airfix ya yi Il-28 tun shekarun 1960, daga baya kuma ya fitar da sabon MiG-17 a ma'aunin 1:72. Kamfanin KP na ƙasar Cek ya yi L-29. Motocin sulke na Ingila da sojan tarayya ya shiga daji da su, Ferret da Saladin, duk akwai su a 1:35. Wahalar tana cikin tambayoyi uku: wane launi, wace lamba, a wane wata?

Mafi yawan hotunan yaƙin baƙi da fari ne, kuma a irin wannan hoto kore mai duhu da ruwan ƙasa kusan abu ɗaya suke. Wasu jiragen sun iso da launin azurfa na ƙarfe tsirara, daga baya aka shafa musu fenti a filin jirgi da abin da ya samu, don haka jirgi ɗaya zai iya fitowa da kamanni biyu a hotunan da watanni kaɗan suka raba. Zanen launi da ake gani a mujallu sau da yawa hasashen mai zane ne, wani ya kwafa daga wani har ya zama kamar gaskiya. Wanda ya fi cancanta a dogara da shi shi ne littafin Shadows na Michael Draper, na 1999, domin marubucin ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu, ya kuma tattara hotunan waɗanda suka yi aikin. Littafin African MiGs na Tom Cooper da abokan aikinsa yana cike giɓin jiragen Sobiyet. Tsoffin fina-finan labarai na British Pathé da AP da ke YouTube suna nuna abin da hoto ɗaya ba ya nunawa, kamar yadda laka take kama gefen Saladin da inda sojoji suke rataye kayansu.

Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985, yana da jirage na ɓangarorin biyu da motocin sulken da Biyafara ta ƙera da hannunta. Wuri ne na auna siffa da ƙirga ƙusoshi. Amma abin da ya shekara da shekaru a rana da ruwan sama, ana sabunta masa fenti, ba ya zama shaidar launin 1968. A kusa da gida kuwa, tsoffin kofe na New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna suna ɗauke da hotuna masu kwanan wata, kuma kwanan wata shi ne abin da hotunan intanet suka fi rasawa.

Mai son komawa baya, zamanin da 'yan Arewa suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, zai samu hotuna a taskar Imperial War Museum ta Landan, wadda ke buɗe a intanet.

Bayan yaƙin basasa

MiG-21 ya zo a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet da Jaguar a shekarun 1980, tare da tankokin Vickers da Scorpion. JF-17 guda uku da A-29 Super Tucano guda 12 sun shigo a 2021. A ɓangaren kwali, kamfanonin Heller, Matchbox da Kinetic sun yi Alpha Jet. HobbyBoss ya yi Super Tucano. Trumpeter ya yi JF-17.

Kayan haɗi

Kwalin yana zuwa da sassan roba manne a rassa, da takardar bayani, da takardar tambari wadda ake jiƙawa a ruwa a zame ta kan jiki. Fenti da gam daban ake nemansu. A nan ne mai zaune a Ƙanƙara yake cin karo da cikas, domin kwali yana iya zuwa ta AliExpress zuwa adireshi a Katsina, Funtuwa ko Zariya, amma fentin Humbrol ko na Tamiya da gam ɗin roba abubuwa ne masu kama wuta, masu jigilar jirgin sama sukan ƙi ɗaukarsu. Fentin ruwa na masu zane da ake samu a Sabon Garin Kano yana maye gurbi idan aka tsinka shi aka shafa sau uku ko huɗu. Gam mai saurin kamawa na shagon unguwa yana riƙewa, sai dai tururinsa yana sa gilashin matuƙi ya yi fari. Reza da sanfefa mai laushi suna ko'ina. Ƙurar hunturu kuwa babbar abokiyar gabar ɗanyen fenti ce, dole a kife kwano a kan aikin har ya bushe.

Ƙarin kayan ado, irin siraran farantan tagulla da kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya shahara da su, sukan kai kuɗin kwalin kansa. Gwangwanin lemo da silin wayar wuta suna yin rabin wannan aikin. Tambarin sojin saman Nijeriya, da'irar kore da fari da kore, ana iya zana shi da hannu ko a buga a takardar tambari ta kwamfuta. Mai gina filin da motar za ta tsaya a kai ba ya buƙatar oda: jar ƙasa da farar ƙasar da Ƙanƙara ta yi suna da ita, idan aka tankaɗe aka kwaɓa da gam ɗin kafinta, sun fi duk wata hodar kwalba kama da ƙasar yankin. Shafin Scalemates yana nuna wane kamfani ya yi wane samfur da shekarar fitowarsa, abin da ke hana mutum sayen tsohon zubi a sabon kwali.

Faskari, daga 2020

A Yulin 2020 sojan ƙasa ya yi bikin ranarsa a sansanin Faskari, inda Laftanar Janar Tukur Buratai ya ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity kan 'yan bindigar daji. A Disambar wannan shekara aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Motar sulke da Hilux mai bindiga suka zama abin gani kullum a hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Mutanen da suka rasa 'yan uwa da gonaki ba lalle su ga wasa a cikin wannan ba, kuma suna da gaskiya. Duk da haka wanda ya ƙera motar daidai, da launinta da ƙurarta, ya ajiye shaidar zamanin da aka shiga.

Kusancin yana da haɗari. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro, kuma a yankin da kalmar infoma take iya jawo wa mutum halaka, ɗaga waya a gaban ayarin soja kuskure ne babba. Hotunan da rundunonin suke sakawa da kansu a shafukansu na Facebook, da na jaridu, sun wadatar. Ko su ma sun yanke a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Kamfanin Meng na China ya yi motar a-kori-kura mai bindiga a 1:35, wadda ɗan gyara zai mayar da ita ta sojan Nijeriya. Motocin da aka ƙera a gida, Igirigi ta 2012 da Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, ba sa cikin jerin manyan kamfanoni. Mai son su sai ya samo hoton da aka ɗauka daga gefe sak, ya ɗauki faɗin taya a matsayin ma'auni, ya lissafa sauran jikin daga nan, sannan ya yanka farantin roba ko kwali mai kauri da kansa.