Daga Jolene Zuwa Kishiyar Cikin Waya

'Yan uwana mata, ni da na ɗauka kishi namu ne mu kaɗai, mu da ake yi wa kishiya. Ashe matan Amurka ma, da doka ta hana mazansu ƙarin aure, abin yana cin su har sun zuba shi cikin waƙa.

A shekarar 1973 mawaƙiya Dolly Parton ta fitar da waƙar Jolene. Ita da bakinta ta ce wata ma'aikaciyar banki ce mai jan gashi take yi wa mijinta Carl Dean fari da ido, shi kuma gogan naku sai yawan zuwa banki. Abin da ya ɗaure min kai, waƙar ba zagi ba gori. Kyan matar ta yi ta yabo, tana roƙonta ta bar mata miji. Ku duba fa, macen da ake tururuwar zuwa kallonta, ita ce take ganin ba ta kai wata ba! Da marigayiya Barmani Choge ce, ai da ƙwarya ta sha kiɗa, kishiya ta sha habaici. Auren Dolly dai bai mutu ba, tun 1966 suke tare har mijin ya rasu a 2025.

Zuwa 1999 sai abokiyar gaba ta koma madubi. 'Yan matan nan uku da ake kira TLC suka yi waƙar Unpretty, a kan macen da aka sa ta tsani surarta, har waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A bidiyonta akwai budurwar da saurayi ya matsa wa sai an yi mata tiyatar ƙarin ƙirji. Ta je asibitin, ta ga abin da ta gani, ta tsere.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Olivia Rodrigo. Tana 'yar shekara 18, a 2021, ta sa wata waƙar kishi cikin kundinta mai suna Sour. Babu miji a ciki, babu saurayin da ake ƙwacewa. Hotunan 'yan mata ne kawai a waya, fata sumul, haƙora fes, kullum ana biki, ita kuma ta san gyara hoton aka yi amma zuciya ta ƙi haƙura. Wallahi tausayinta ya fi kama ni. Dolly ko ba komai ta san hanyar banki, ta san fuskar matar. Wannan kuwa wa za ta je ta roƙa?

Ni ma ban tsira ba. Ran sunan ɗan ƙanwata sai da na sa aka ɗauke ni hoto sau tara, na goge takwas, na taran ma ban aika wa kowa ba.