Kilishi, Fumfuna da Hanyar Gwanja

Bawku gari ne da ya girma a kan hanyar dabbobi. Tun zamanin fataucin goro ayarin Mosawa ke gangarowa daga arewa da shanu da tumaki da jakuna, su ratsa ƙasar nan, su bi ta Gambaga zuwa Salaga, inda suke haɗuwa da fataken Kano da suka biyo ta Sansanin Mango da Yendi. Inda dabba ta taru kuwa, Rundawa ba sa nisa. Da yawa cikin iyayenmu na zango da wuƙar fawa suka kafa gida.

Nama ba ya jiran mai saye, don haka dabarar da suka gada ita ce a raba shi da ruwan jikinsa. A yanyana tsoka har ta yi shara-shara, a shanya ta a rana, a tsoma a labu na tunkuza da citta da kanumfari da barkono da gishiri, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta. Abin da bai dace da kilishi ba a yi masa banda. Da hunturu wannan aiki ba ya kuskure, iska kaɗai ta isa. Amma idan damina ta nutsa, musamman a Agusta, sai kilishi ya yi laushi, fumfuna ta hau shi fari-fari ko kore-kore, dukiya ta tafi.

Lamarin ya ƙara tsanani da ciniki ya karkata kudu. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, da kuma basasar Salaga ta 1892, 'yan kasuwa suka watse zuwa Kintampo da Karachi, daga bisani Kumasi, ƙasar raɓa da kurmi. Busasshen nama ba ya daɗewa a can. A ganinmu wannan na cikin dalilan da suka sa aka zaɓi kora shanu da ƙafarsu, a yanka a inda za a ci. Gwamnatin Nkrumah ta gwada gwangwani, da masana'antar nama ta Zuarungu kusa da Bolga a 1965, ita ma ta rufe a 1995.

Turawa, da ba su da irin ranarmu, wata hanya suka bi. Sukan niƙa nama da gishiri su ɗura a hanji, su bar wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani su tsamama shi, tsamin ya hana masu ruɓarwa sakat. Galibinsa naman alade ne, shi ya sa ba mu taɓa waiwayarsa ba. A 1955 masana suka gano natamaisin, sinadarin da wata bakteriya daga turɓayar Natal ta Afirka ta Kudu ke fitarwa. Shi ake shafa wa bayan cuku da busasshen nama don fumfuna ta kasa kamawa. Yanzu kuma ana gwada zuba ita kanta bakteriyar tsami da ranta, ta riga fumfuna mamaye wurin.

To, waɗannan halittu ba baƙinmu ba ne. Danginsu ne ke tsamama nonon 'yar Fulani da gasarar koko, wata irinsu kuma ita ke nuna kalwa ta zama daddawa a ɗakunan matan Bawku. Mun daɗe muna kiwonsu a ƙwarya ba mu san sunansu ba, sai dai ba mu kai su rumfar fawa ba, domin rana ta wadatar da mu.

Yau da ake ƙulle kilishi a leda ana tura shi Ankara da Takoradi, gumi na taruwa a ciki, tsohuwar matsalar ta dawo. Idan wannan dabara ta iso kasuwarmu, abin da malamanmu za su fara tambaya shi ne a kan me aka raini ƙwayoyin, halal ne ko akasinsa.