Daga Kance zuwa sahara: waɗanda ba su dawo ba

Jama'ar Damagaram ba mu manta da watan Oktoban 2013 ba. A lokacin ne aka tsinci gawa 92 cikin sahara, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance, sun fita neman abin kai wa baki. Motocinsu biyu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Can aka yi musu sutura, gwamnati ta sa kwana uku na zaman makoki.

Su an samu labarinsu, an yi addu'a. To, waɗanda suka bi hanyar nan har yau shiru fa? Uwa ba ta karɓi gaisuwa ba, matar aure ba ta san matsayinta ba. A Malikiyya ma sai ta jira shekara huɗu bayan an kai magana gaban alƙali.

Kada mu gaji da cigiya. Mu kai sunaye da hotuna gidajen rediyo da ofishin Croix-Rouge, mu riƙa leƙa iyalansu da ɗan abin hannu. Allah ya bayyana su.