Sunan mai amfani a kafofin sada zumunta

Sunan mai amfani shi ne gajeren suna da mutum ko kamfani ke zaɓa wa asusunsa a kafar sada zumunta, wanda babu wani asusu da zai riƙe irinsa a wannan kafar. Yakan zo bayan alamar @, kuma shi ne ke zama ƙarshen adireshin shafin a intanet. Ya bambanta da sunan da ke bayyana a saman shafi: mutum dubu za su iya rubuta Musa Abdullahi a can, amma sunan mai amfani mutum ɗaya ne ke samunsa, wato wanda ya riga kowa nema.

Tarihi

Twitter ta fara aiki a shekarar 2006 da irin waɗannan sunaye tun daga farko. Facebook kuwa da dogayen lambobi take gane shafuka, har zuwa ranar 13 ga watan Yuni, 2009, lokacin da ta buɗe wa jama'a damar zaɓar suna. An yi rububi a daren, domin an kama sunaye fiye da 500,000 cikin minti 15 na farko. A lokacin ba a yarda mutum ya canza sunan da ya ɗauka ba, sannan shafin kasuwanci sai yana da mabiya 1,000 kafin ya samu. Daga baya aka sassauta sharuɗɗan biyu. YouTube ta kawo nata tsarin mai alamar @ a watan Oktoban 2022.

Ƙa'idojin zaɓe

Kowace kafa da iyakarta. X ba ta wuce harafi 15, Instagram tana kaiwa 30, Facebook kuma tana neman aƙalla biyar. A Facebook ɗigo ba ya raba suna da suna, saboda haka wanda ya sa ɗigo a tsakiyar sunan da wani ya riga ya ɗauka bai kawo sabon abu ba.

Waɗannan kafofi uku haruffan Turanci 26 da lambobi kawai suke karɓa, sai ɗigo ko ɗan layin ƙasa. Wannan ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye, domin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa shiga. Dole ƙura ta koma kura, ɓari ya koma bari, ƙafa ta zama kafa, alhali kowace biyu kalmomi ne masu ma'ana daban. Yawancin masu karatu sun saba cike giɓin da kansu, amma ga ɗan kasuwa abin ba wasa ba ne: yana da kyau ya karanta sunan shagonsa ba tare da lanƙwasar haruffan ba, ya ji abin da ya koma, kafin ya buga shi a allo ko a leda.

Amfani a kasuwanci

Masu sana'a sukan yi ƙoƙarin riƙe suna ɗaya a duk kafofin da suke, domin mai saye ya same su ba tare da wahala ba, kuma ɗan damfara ya rasa gurbin da zai buɗe shafi da sunansu. Matsalar sojan gona daɗaɗɗiya ce. A 2009 Tony La Russa, kocin wata ƙungiyar wasan besbol a Amurka, ya kai Twitter kotu kan wani asusun bogi mai ɗauke da sunansa, kuma a watan Yunin shekarar kamfanin ya fara ba da alamar tantancewa. Wanda ya yi wa alamar kasuwancinsa rajista yana iya shigar da ƙorafi idan wani ya yi amfani da ita don yaudarar jama'a, sai dai rajistar ita kaɗai ba ta tilasta a ƙwace suna a ba shi.

Mallaka

A zahiri sunan aro ne, kamfanin da ke da kafar shi ke da iko na ƙarshe. A watan Yulin 2023, da Twitter ta koma X, kamfanin ya karɓe sunan @x daga hannun wani mai ɗaukar hoto a San Faransisko da ya riƙe shi tun 2007, kuma bai biya shi kuɗi ba. Gajerun sunaye suna da tsada a kasuwar bayan fage, abin da ke jawo hankalin masu kutse. A watan Janairun 2014 an tilasta wa Naoki Hiroshima sakin sunan @N bayan an kutsa wasu asusunsa, duk da ya ce an taɓa taya sunan dala 50,000 ya ƙi sayarwa. An mayar masa bayan kusan wata guda. Instagram ta haramta saye da sayar da suna a ƙa'idojinta, amma Telegram ta ɗauki wata hanya: tun ƙarshen 2022 ake gwanjon sunayenta a fili a dandalin Fragment.