Tarihin Keken Tsere da Ɓarawon da ke Biye da Shi

Yau kan keke za mu tattauna, musamman tsohon keken tsere irin mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, wanda a yanzu Turawa ke nema ido rufe, ɓarayi kuma suna nema tare da su.

Duk wanda ya kai shekara hamsin a cikinmu ya san Raleigh, wanda muke ce wa Rali. Asalinsa wani ɗan shago ne a titin Raleigh da ke birnin Nottingham a Ingila. Wani attajiri mai suna Frank Bowden ya saka jarinsa a ciki, aka kafa kamfanin a 1888. Wanda ya iso mana shi ne baƙin nan mai nauyi, mai kariya da ƙararrawa, wanda ake tallarsa da hoton mutum yana tsere wa zaki. Ya karɓu a ƙasar nan har sai da aka kafa masa masana'anta a Kano. To amma abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, kamfanin nan da tsere ya yi suna a Turai. Reg Harris, Baturen Ingila, ya zama zakaran duniya sau huɗu a kan Raleigh, a 1949 da 1950 da 1951 da 1954. Sannan a 1980 Joop Zoetemelk ɗan ƙasar Holan ya lashe gasar zagaye Faransa, wato Tour de France, a ƙungiyar TI-Raleigh. Wannan gasa tun 1903 ake yin ta, kuma babu kamarta a harkar keke.

Me ya raba keken tsere da namu na ɗaukar buhu? Na farko ƙarfen. A 1935 kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da bututun ƙarfe mai lamba 531, ga shi siriri ga ƙwari. Keken da aka ƙera da shi bai cika wuce kilo 10 ko 11 ba, alhali Ralin kasuwa ya kusa ninka haka. Na biyu dabarar cire taya. Wani ɗan tseren Italiya, Tullio Campagnolo, shi ya ƙirƙiro ɗan hannun da ake ja a zare ƙafar keke ba tare da sifana ba, wajen 1930, domin mai tsere ya canja taya nan da nan. Italiyawa sun yi fice ƙwarai a wannan sana'a. Kamfanin Bianchi na Milan, wanda aka kafa a 1885, shi ne mai keken nan shuɗi-shuɗi da Fausto Coppi ya ci gasar Faransa a kansa a 1949 da 1952.

To ka ga inda matsalar take. Duk abin da ya sauƙaƙa wa mai tsere, ya sauƙaƙa wa ɓarawo. Keke mara nauyi, yaro ma sai ya saɓa shi a kafaɗa ya tsallake katanga. Ƙafar da ake cirewa da yatsu biyu, in ka ɗaure gaba kaɗai, sai ka dawo ka tarar da taya ɗaya tana jiranka, sauran ya yi gaba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Satar keke kuwa tsohuwar cuta ce. A 1948 Vittorio De Sica ya yi wani fim a birnin Rum mai suna Ladri di biciclette, ma'ana ɓarayin keke. Labarin wani talaka ne da ya sami aikin liƙa takardun talla, da sharaɗin sai yana da keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka fanso kekensa, ranar farko ta aiki aka sace. Ya yi ta yawo da ɗansa yana nema, daga ƙarshe shi ma ya kai hannu kan na wani, aka cafke shi a gaban yaron. A wancan zamani, bayan yaƙin duniya na biyu, wanda aka sace wa keke an sace masa abincin gidansa ne.

Masu makulli ba su zauna ba. A farkon shekarun 1970 kamfanin Kryptonite na Amurka ya fito da makullin ƙarfe mai siffar kofaton doki, aka ce an huta. Sai ga shi a 2004 an gano ana buɗe wasu daga ciki da kwankon biro, dole kamfanin ya musanya wa jama'a kyauta. Yau kuma ɓarawo da injin yankan ƙarfe mai batir yake yawo.

Daga shekarun 1980 zuwa 1990 'yan tsere suka koma wa alminiyam da wani sinadari da ya fi shi rashin nauyi, tsohon keken ƙarfe ya koma bayan ɗaki. Raleigh ma ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002. Amma da tsohuwar zuma ake magani. A 1997 wani mai suna Giancarlo Brocci ya fara wani hawa a ƙauyen Gaiole na Italiya, ana kiransa L'Eroica, da mutum 92 kacal. Ƙa'idarsa, kekenka ya zama ƙirar 1987 ko kafin nan, ko mai irin wannan fasali. Yanzu dubban mutane ke zuwa kowace shekara, wasu ƙasashe ma sun kwaikwaya. Da masu nema suka yi yawa sai farashi ya tashi, ɓarawo ya dawo. Wannan karon ba don ya hau ba. Yakan wargaza keken ne ya sayar da sirdi daban, giya daban, birki daban a intanet, ta yadda mai shi ko ya gani ba zai iya rantsewa ba. Sabon keke in ya ɓata a sayi wani. Wanda aka daina ƙerawa shekara arba'in fa?

Abin da ya rage wa mai kaya shi ne lamba. Kusan kowane keke yana da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi a ƙasa, inda feda ke juyawa. Japan ta wajabta rajistar keke tun 1994, Faransa kuma daga 2021 ta tilasta wa 'yan kasuwa sa wa keken da za su sayar alama. Mu ma dattawanmu sun tuna zamanin da En'e ke yanka lasisin keke.

Ga inda zancen ya shafe mu. Kekunan gwanjo da ke shigowa cikin kwantena ta Legas da Kwatano, wani lokaci akwai irin waɗannan tsofaffin a ciki. Kada ka raina keke don ya yi tsatsa; duba sunan da ke jikinsa da tambarin 531 kafin ka yanka masa kuɗi. Kife shi ka dubi lambar, ka rubuta ta a rasit, naka da na mai saye. In ka ga an goge ta da zarto ko an cike ta da walda, ko da wane irin araha ne, mayar wa mai shi abinsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma a ranar nan wanda aka samu kayan a shagonsa shi ake fara tambaya. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.