Wiwi da Dokokin Soja

Tabar wiwi ba ta daɗe a ƙasar nan kamar yadda ake zato ba. Masana tarihi da dama na danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa da ke sauka a Legas. Turawa sun haramta ta tun a dokar 1935, amma sai da soja suka hau mulki aka ɗora mata karan tsana.

A 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa dokar da ta ce wanda ya noma wiwi zai iya fuskantar kisa, wanda aka kama da ita kuwa shekara goma a gidan yari. Shekara goma saboda ƙulli ɗaya! Gonakin da ke dazuzzukan kudu maso yamma ba su ragu ba. A 1975 aka sassauta, aka cire kisan, aka mayar da hukuncin mai sha 'yan watanni ko tara. Da Janar Buhari ya zo, sai aka koma gidan jiya: a 1985 aka bindige mutum uku a Legas kan hodar iblis, ƙarƙashin dokar da aka mayar da aikinta baya. Babangida ya soke kisan, ya kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. Kowane shugaba da irin fushinsa, doka kuma tana bin fushin.

Me aka samu? Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Nijeriya.

Yau muhawarar ta sauya kama. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo a lokacin, ya je Tailan a 2019 ya dawo yana neman a halatta nomanta don magani da kuɗin shiga. Lesoto ta yi haka a 2017, Maroko a 2021. Janar Buba Marwa na NDLEA ya ce sam, ba zai yiwu ba.

Ni ban goyi bayan a sake ta a kasuwa ba. Na ga abin da take yi wa matasan unguwa, musamman idan an haɗa ta da kodin da tiramol. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wancan yana lissafin dala, wannan yana lissafin kame, uwar da ɗanta ya lalace kuma ba ta san inda za ta kai shi ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware da Barnawa da Dawanau sun yi wa jama'ar Arewa kaɗan, shi ya sa iyaye ke komawa gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi.